Shawara ga masu shirin jarrabawar AP (darasin matakin jami'a ga 'yan sakandare) ta tarihin Amurka

Salam 'yan uwa, masu zana ta a watan Mayu, don Allah ku rage haddar shekaru zalla, dalili suke tambaya. Dauki yakin basasa na 1861 ka bi shi baya baya, zaben Lincoln a 1860, hukuncin kotun koli kan Dred Scott, bawan da ya nemi 'yancinsa, a 1857, dokar Kansas da Nebraska ta 1854 wadda ta rusa sulhun Missouri na 1820, duk rigima daya ce, shin bauta za ta shiga sabbin yankuna ko a'a. In ka gane wannan shekarun da kansu za su zauna maka.

Sannan tambayar nan da ake ba ka takardun tarihi 7 ka yi rubutu da su, wallahi nan ake zubar da maki, kullum duba wa ya rubuta kowace takarda, don wa, me yake nema. Ku rika gwaji da agogo a gaba.