Kafin ka miƙa wa yaronka makullin V8

Shekara 22 na yi ina jan mota tsakanin Yamai, Dosso, Ƙonni da Tawa, yawanci Land Cruiser. Ranar da maigidana ya ce a ba ɗansa V8, wato babbar Land Cruiser ɗin nan, ya je rakiyar amarya tun da ya samu permi, sai na ce, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, ka bar mini shi wata uku tukuna." Abin da na yi da yaron zan faɗa maka, don gidaje da yawa a garin nan suna da babbar mota da matashi mai zumuɗi.

Ka fara masa da ƙaramar mota mai giyar hannu, tsohuwar Corolla ko Starlet irin ta 'yan taksi. Irin wannan ko ya taka totur ba ta zabura nan take, yana samun lokacin gyara kuskurensa. V8 kuwa nauyinta ya kai tan biyu da rabi, ga tsawo. Da ya murɗa sitiyari da ƙarfi don kauce wa akuya ko ɗan kabu-kabu, tana iya kifewa.

Daga nan ka fita da shi bayan gari, fili mai jan ƙasa inda babu kowa. Ka ajiye jarka a gefe. Ya taho da gudun kilomita 30 a awa, da ya zo daidai jarkar ya taka birki iya ƙarfinsa, sannan ya sauko ya ƙirga taku da ƙafarsa. Ku sake da 60. Shi yana zaton tazarar za ta ninka sau biyu, alhali kusan sau huɗu take ninkawa. Na tuna yaron Alhaji ya tsaya cikin ƙura, ya waiwaya yana kallon jarkar can baya, bai ce uffan ba. Na ce, "Ɗana, ka ɗauka jarkar nan yarinya ce mai tallar ƙosai." Wannan darasin kada ka yi masa gaggawa, ku maimaita har sai ƙafarsa ta san nauyin motar. Ka kuma gaya masa cewa a gudun 100, cikin daƙiƙa ɗaya mota tana cin kusan mita 28. Leƙen waya ɗaya ke nan.

Sai cikin gari, kai kana gefensa. Gadar Kennedy lokacin tashi daga aiki, kewayen kasuwar Katako, shataletale. Idonsa za ka riƙa kallo, yana duba madubi ko a'a.

Sharuɗɗa kuma ka faɗa su a gaban mahaifiyarsa, don tausayin uwa ne kan fito da makulli idan ka yi tafiya. Ba tuƙin dare, ba ɗaukar abokai, ba rakiyar amarya. Na ƙarshen nan ya fi damuna. Na sha ganin yara zaune a bakin taga, ana rige-rige ana ɗaukar bidiyo, kuma yaron da yake da natsuwa shi kaɗai yakan zama wani mutum daban idan abokai suna zuga shi daga baya.

Idan ya ce ka takura masa, ba kai kaɗai ba ne. A Italiya doka ta ƙayyade ƙarfin injin da sabon direba zai ja, haka ma jihohin Victoria da New South Wales a Ostareliya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Yanzu yaron Alhaji yana zuwa makaranta da Corolla shi kaɗai. V8 kuwa ran Lahadi da safe yake janta a hanyar Dosso, ina gefensa, ba ya wuce 80, mu dawo in mayar da makullin aljihuna.