Yadda Na Gyara Lalacewar Haruffan Ƙ, Ɗ da Ɓ a Bayanan MARCXML

An ba ni aikin mayar da bayanan littattafan ɗakin karatunmu daga tsarin MARC 21, wanda ɗakunan karatu ke adana bayanan littattafai da shi a kwamfuta, zuwa MARCXML, wato nau'insa da ake rubutawa da tsarin XML, kuma na yi amfani da pymarc, wata manhajar sarrafa bayanan MARC a harshen kwamfuta na Python. Da na buɗe sakamakon, sai na tarar duk sunan littafin Hausa da ke ɗauke da ƙ, ɗ ko ɓ a fili na 245, inda ake rubuta sunan littafi, ya dagule. Kalmar "ƙasa" ta koma wasu alamomi marasa ma'ana. Abin ya dame ni ƙwarai, domin mai neman littafi da sunansa na gaskiya ba zai taɓa samunsa ba.

Na kwana biyu ina zargin fayil ɗin XML, ashe matsalar tana can farkon kowane bayani, a layin jagora mai gurbi 24. Gurbi na 09 shi ne ke faɗin tsarin haruffa: idan babu komai a cikinsa, MARC-8 ke nan, wato tsohon tsarin haruffa na MARC, idan akwai harafin a, Unicode ne, wato tsarin da ya ƙunshi haruffan harsunan duniya. Tsohuwar manhajarmu ta adana rubutun da UTF-8, wato wata hanyar adana Unicode, amma ta bar gurbin fanko, saboda haka pymarc ya ɗauka MARC-8 ne, ya sake juya abin da tun asali daidai yake.

Na buɗe MARCReader, sashen pymarc mai karanta bayanai, da force_utf8=True don ya ɗauki rubutun a matsayin UTF-8, sannan na sa a rubuta harafin a cikin gurbi na 09 kafin XMLWriter, sashen da ke rubuta fayil ɗin XML, ya fitar da kowane bayani. Haruffan suka dawo yadda suke. Wani ƙaramin kuskure ya rage daga wajena, wato ban kira close(), umarnin da ke rufe XMLWriter, ba, don haka alamar rufe collection, wadda ke kawo ƙarshen fayil ɗin, ba ta fito ba, sai da na ƙara shi fayil ɗin ya karantu.