Jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye amma bai san ya shanye ba

Idan bugun jini ya taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, hagun mutum ne ke shanyewa, wani lokaci kuma har da abin da ke sanar da shi cewa ya shanye. Sai ku gan shi kwance, hannu ba ya motsi, yana rantsuwa lafiyarsa lau. Likitan Faransa Babinski ya raɗa wa wannan hali suna tun 1914. Mahaifina ya yi fama da shi a gidanmu na Daura, har yakan ce hannun da ke kan cikinsa na ƙanensa ne, a zo a ɗauke masa.

Kada ku yi musu da shi. Ba taurin kai ba ne. Na ga 'yan dubiya suna cewa "To Alhaji, ɗaga mu gani", shi kuma ya ce ya gaji ne, a bari sai an jima. Wannan tozarci ne, ku hana. Masu cewa iska ce su yi addu'arsu, muna so, amma maganin hawan jini ba ya tsallake rana.

Babban haɗarin shi ne faɗuwa. Wanda ya yarda ƙafarsa na aiki zai yunƙura da kiran sallar Asuba ya nufi buta. Don haka wani ya kwana a ɗakin, gado ya zama mai ƙasa-ƙasa, ruwa da fo a damarsa inda zai gani. Maganar sallah a zaune ko a kwance, limamin unguwa muka roƙa ya faɗa masa, don daga bakin 'ya'ya ba za ta shiga ba.

Hannun da ya ƙi, ku ne masu tsaronsa. Kada a ja shi da shi, kada a ɗaga shi ta hammata, kafaɗar na iya gocewa. A sa matashi a ƙarƙashinsa. A riƙa juya majinyacin duk bayan awa 2, ana dubawa ko ya danne hannun. Da hunturu a nisanta kaskon wuta, don zai iya ƙonewa bai ji ba.

Sannan a riƙa jawo hankalinsa hagu a hankali, don yakan kasa lura da abin da ke can. Ku zauna ta can in za ku yi hira. In ya ci rabin tuwo ya ce ya ƙare, ku juya kwanon. Ni nakan kama hannunsa na dama in bi da shi kan na hagu, daga kafaɗa har yatsu, in ce "Baba, ga zobenka na azurfa", in yi shiru. Wata rana ya amsa, wata rana ya kau da kai. Akwai waɗanda ganin kansu a bidiyon waya ke fahimtar da su, amma ku fara shawartar likitan gashin ƙashi, a asibitin gwamnati da ke Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Ga mafi yawa, rashin sanin yana raguwa cikin makonni ko watanni. Ranar da ya gane takan zo da kuka da ƙin abinci. Ku gaya wa likita, don damuwa bayan bugun jini ciwo ce mai magani, kuma ita ke sa wasu su daina zuwa gashi.