Kafin ka ja igiyar injin yankan itace

Shekara 11 ke nan ina sare itace da inji a Zariya da ƙauyukan kewaye, yawanci darbejiya da mangwaro da turare, musamman farkon damina da iska ke kwantar da bishiyoyi kan katangu. A kafaɗata ta hagu akwai tabo mai tsawon tafin hannu. Ina rage rassan wata darbejiya da ta faɗi ne, bakin injin ya taɓi wani reshe da ganye ya rufe, sai ya yi tsalle ya dawo kaina kafin ƙiftawar ido. Duk yaron da aka kawo mini koyon aiki, da wannan nake fara masa.

Dubi dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa. Can ƙarshensa, ta gefen sama, nan ajali yake. Sarƙar nan tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya, idan haƙoranta suka ciji wani abu ta wannan wurin, ba yanka suke yi ba, cilla injin suke sama wajen fuskarka. Saboda haka ka yi yanka da cikin ƙarfen, kusa da jikin injin, kuma a kowane lokaci ka san inda bakin yake. Hannu biyu: hagu a mariƙin gaba, babban yatsa ya zagayo ta ƙasa ya kulle, dama a baya. Ka ɗan tsaya ta hagu don kada kanka ya yi saiti da layin yankan. Kada ka ɗaga injin ya wuce kafaɗa. Hawa tsani da shi kuwa, ni ko nawa za a biya ni ba na yi.

Garkuwar nan da ke gaban hannun hagu birkin sarƙa ce. Kowace safiya ka tada injin, ka ba shi wuta, ka tura ta da bayan hannu; sarƙa ta tsaya cak. Wasu manyan tsofaffin injuna ba su da ita sam, kuma ban yarda a ba ɗan koyo irinsu ba.

Tufafi: babu jamfa, babu rawani mai lilo, babu silifas. Wando mai kauri, takalmi rufaffe mai ƙarfe a baki, safar hannu, gilashin ido, hular kwano. Ka toshe kunne. Ƙarar injin nan ta haura dasibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara, alhali daga 85 ji yake fara lalacewa idan an daɗe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na san tsofaffin 'yan sana'ar nan da sai ka ɗaga murya suke jin sallama.

Fetur ana gauraya shi da man inji mai bugu biyu, wanda ake kira 2T. Injunan kamfanin Stihl na yanzu kashi 50 ne da 1, wato mililita 100 na man inji a lita 5 na fetur, amma ka duba littafin naka. Kashe injin, bari ya huce, sannan ka zuba. Ka matsa aƙalla mita 3 daga inda ka zuba man, ka ajiye injin a ƙasa, ka sa birki, ka taka mariƙin baya da ƙafa, sannan ka ja igiya. Masu riƙe shi a iska su fizga, cinyarsu suke caca da ita.

Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa manya-manya. Da ka ga gari kamar na tuwo, ta dakushe, ka tsaya ka wasa da zarto, domin dakusasshiya ce ke sa ka danna da ƙarfi har ka rasa tsayuwarka.

Idan kayar da bishiya za ka yi, fara duban inda ta karkata, da busassun rassa a sama, da wayar lantarki. Kori yara da 'yan kallo nisan tsawon bishiyar sau 2. Wannan ya fi saran kansa wahala, sai ka sa mutum guda yana tsare su. Ka yanke baki, wato ka cire wani yanki daga gindin bishiyar, ta gefen da kake so ta faɗi, zurfin kamar kwata na kaurinta. Ka zagaya baya ka yanka ɗan sama da shi, amma kada ka ratsa: bar kamar kashi 1 cikin 10 a tsakiya, shi ne zai riƙe ta ya bi da ita inda ka nufa. Da ta fara ƙara, sa birki ka ja da baya a karkace, ta hanyar da ka riga ka share.

Giranda ma, wato injin hannu mai faifai da ake yankan ƙarfe da shi, haka take. Kada ka cire murfin faifai, kada ka ɗaura mata faifan zarto na katako. Zare soket kafin ka canza faifai. Idan aka ɗauke wuta kana tsakar aiki, kashe makunnin nan take, don za a iya dawo da ita giranda na kwance kusa da ƙafar wani.

In tsautsayi ya afku, danne ciwon da tsabtataccen ƙyalle da dukkan ƙarfinka, kada ka ɗaga don leƙawa, kada a zuba ƙasa ko baƙin mai. A wuce asibiti, a tambayi allurar tetanus. Ni dai ba na fita aiki sai da mutum na biyu, da bandeji a aljihu, da babur a kusa, makulli a jiki.