Yadda Ake Kwaikwayon Girman Ƙarin Sankara a Kwamfuta

Ɗalibin da ke zaune a Idi-Araba ko Agege, yana karatun lissafi ko likitanci a Jami'ar Legas, ba ya bukatar na'ura mai tsada kafin ya soma wannan aiki. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, irin wadda ake saye a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ta wadatar, muddin an ɗora mata Python, wato harshen rubuta manhaja, da SciPy, kunshin kayan lissafi da ke aiki da shi.

A fara da tattara awon ƙarin na lokuta daban-daban, kowane da ranarsa. Idan daga hotunan majinyata za a ɗauko, sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, a kuma cire sunaye. Ana ƙiyasta girma da tsawo sau faɗi sau faɗi, a raba biyu. Ƙari mai tsawon milimita 10 da faɗin milimita 6 zai ba da kubik milimita 180.

Wajen zaɓen lissafi ne sabon shiga yakan yi tuntuɓe, domin yana ɗauka cewa ƙwayoyin sankara ninkawa suke yi ba tsayawa. Gaskiya ne ninki 30 kan kai ƙwaya ɗaya zuwa kimanin biliyan guda, wato ƙari mai faɗin santimita ɗaya, amma iskar oksijin ba ta nisan da ya wuce maikuromita 200 (kashi ɗaya cikin biyar na milimita) daga jijiyar jini, saboda haka ƙwayoyin tsakiya sukan mutu, girman kuma ya lafa. Likita Judah Folkman ya bayyana a 1971 cewa ƙari ba ya wuce milimita ɗaya zuwa biyu sai ya janyo sababbin jijiyoyin jini. Shi ya sa na fi son a soma da lissafin da masanin lissafi Benjamin Gompertz ya fitar a 1825 don ƙididdigar mace-mace, wanda mai bincike Anna Kane Laird ta yi amfani da shi a kan ƙari a 1964, tun da yana nuna girma mai sauri a farko da ke raguwa sannu a hankali.

Sai a rubuta lissafin, a miƙa shi tare da awon ga umarnin curve_fit na cikin SciPy, wanda zai nemo saurin girma da iyakar da ƙarin zai kai. Amma kada a ba shi awon duka. A ɓoye biyu na ƙarshe, a bar kwamfuta ta yi hasashensu, sannan a kwatanta. Idan ta yi nesa da su, a koma a duba ranakun da aka shigar kafin a zargi lissafin, kuma a riƙa adana aikin bayan kowane gwaji saboda ɗaukewar wuta.