Yadda Ake Zaɓen Wurin Shagalin Biki a Tsibiri

Iyalai masu hali a Katsina da Daura sun fara sha'awar kai wani ɓangare na bikin 'ya'yansu tsibiran ƙasashen waje, kuma abin da ya fi jan hankalinsu shi ne hotunan farin yashi da shuɗin ruwa. A ganina, hoto ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba, domin wurin da ya dace shi ne wanda iyaye da gwaggonni za su iya isa, su zauna, su yi salla, su ci abinci ba tare da takura ba.

Mataki na farko shi ne a tsayar da abin da za a yi a can. Shawarata ita ce a ɗaura aure a gida, inda waliyyi da wakilin ango da shaidu suke, a biya sadaki, a raba goro da alawa, sannan a kai walima ko liyafar dare tsibirin. Wannan yana kawar da matsalar takardu, musamman ga mai son tsibiran Maldives da ke tekun Indiya, inda bikin da otal-otal suke shirya wa baƙi na nishaɗi ne kawai, doka ba ta ɗauke shi aure ba.

Daga nan sai a rubuta sunayen waɗanda za su tafi, tun kafin a tuntuɓi kowane otal, domin yawansu da shekarunsu ne za su zaɓi tsibirin. Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, wadda ta shahara da noman kanumfari, ta fi sauƙi ga mutanenmu: mafi yawan mazaunanta Musulmi ne, masallatai suna ko'ina, kuma ana iya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano a sauya jirgi a Adis Ababa. Sai dai bizar Tanzaniya ga mai fasfon Najeriya tana buƙatar amincewa tun kafin tafiya, saboda haka a nema da watanni a gaba. Kowa zai riƙe katin rigakafin cutar shawara, kuma tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya ta dala 44. Maldives kuwa tana ba da biza a filin jirgi, amma yawancin otal-otal ɗinta kowanne a tsibirinsa yake, sai an ƙara tafiya a jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan teku, wanda da rana kawai yake tashi. Kafin a biya ko kwabo, a tambayi Hajiya ko za ta iya shiga irin wannan jirgi.

Mataki na uku shi ne daidaita rana da yanayi. A Zanzibar ruwan sama mai ƙarfi yana sauka daga Maris zuwa Mayu, lokacin da mu muke fama da bazara, sannan akwai ɗan gajeren ruwa wajen Nuwamba. Daga Yuni zuwa Oktoba ya fi dacewa. A Maldives, Disamba zuwa Afrilu ne rani.

Bayan haka sai a zo kan gaɓar tekun kanta, kuma nan ne wanda ya tashi a Arewa ya fi saurin ruɗuwa. A gabashin Zanzibar, wajen Paje da Jambiani, teku takan janye nesa ƙwarai a wasu sa'o'i na yini, ta bar fili mai ciyawar ruwa a inda hoto ya nuna igiya. A Nungwi da Kendwa da ke arewaci janyewar ba ta da yawa, kuma ana ganin faɗuwar rana sosai, ko da yake tafiya ce ta kimanin awa ɗaya da rabi daga filin jirgi. A nemi otal ya aiko da jadawalin cika da janyewar teku na ranar bikin. A kuma tuna cewa takalmin amarya mai tsini yana nutsewa a yashi, iska tana kwashe mayafi tana kumbura babbar riga, don haka a tabbatar za a shimfiɗa dandamalin katako, kuma akwai zaure mai rufi da zai ɗauki kowa idan hadari ya taso.

Maganar sirri ma ba ƙarama ba ce. Masu yawon buɗe ido suna wucewa ta bakin teku da kayan wanka, saboda haka wurin da mata za su yi lalle ko kamu ya zama killataccen lambu ko ɗakin taro. A tambaya a rubuce ko naman otal ɗin yankan Musulmi ne, ko za a janye giya daga wurin taron, ko akwai wurin alwala da salla, da kuma ƙarfe nawa ake kashe kiɗa. Idan dattawa ba za su iya kwanaki suna cin kifi da shinkafa ba, a nemi izinin kawo mai dafa tuwo ya yi amfani da kicin ɗin otal.

Kafin a tura kuɗin kafin alƙalami, wani amintaccen ɗan'uwa ya je ya ga wurin da idonsa, ko aƙalla a zagaya da shi ta bidiyo kai tsaye a daidai sa'ar da za a yi taron. Yarjejeniyar ta fayyace farashi da dala, da haraji, da yawan ɗakuna, da abin da za a mayar idan bizar wasu ba ta fito ba aka ɗage ranar.