Darasi na Tara: Littafin Awon Ruwan Kogi da Yadda Ake Tantance Shi

Kogin Kano yana bi ta madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Kogin Challawa ma yana da tasa madatsar tun 1992. Su biyun ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ya wuce ta Wudil, ya shiga fadamun Haɗeja da Nguru, daga can ruwan ya bi Komadugu Yobe har Tafkin Chadi. A kan wannan doguwar hanya wasu na sha, wasu na ban ruwan albasa da tumatir, ga masunta, ga makiyaya, ga kuma ruwan dattin masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da ke gangarowa. Shi ya sa ake auna ruwan lokaci zuwa lokaci. A darasin baya mun ga yadda ake ɗiban samfur, wato ɗan ruwan da ake zubawa a kwalba don gwaji. Yau za mu duba littafin da ake rubuta sakamakon, domin wanda zai yanke hukunci a ofis bai ga kogin ba, abin da kuka rubuta kawai ya gani.

Abin da ake rubutawa a bakin ruwa

Kafin ku bar wurin, ku rubuta lambar samfur a jikin kwalba da alƙalamin da ruwa ba ya wankewa, sannan ku rubuta wannan lambar a littafi. A gabanta ku sa sunan wurin dalla-dalla. "Kogi" bai isa ba. "Ƙarƙashin gada, gefen gabas" shi ne zai sa wanda ya zo bayanku ya tsaya daidai inda kuka tsaya. Sai kwanan wata, da ƙarfe nawa, da sunan wanda ya ɗiba.

Kada ku raina maganar lokaci. Iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa takan yi ƙasa da asuba, ta hau da rana bayan gansakuka da ciyayin ruwa sun sha hasken rana. Wanda ya auna ƙarfe 6 na safe da wanda ya auna ƙarfe 3 na yamma za su sami lambobi daban a wuri ɗaya, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. In ba a rubuta lokacin ba, sai a ɗauka kogin ne ya lalace.

Akwai kuma gurbin da ake kira "abin lura", wanda mutane da yawa ke bari fayau. A ganina ya fi kowane gurbi amfani. An yi ruwan sama jiya da daddare? Garken shanu ya ratsa sama da ku? Ruwan ya yi baƙi, ko yana wari, ko kun ga matattun kifaye a gefe? Ku rubuta, ko da kalma uku ne.

Na'ura ma sai an gwada ta

Mudun da ya lotsa ba zai faɗa muku ya lotsa ba, haka zai ci gaba da awo. Na'urar auna tsamin ruwa, wato pH, ita ma haka take. Kowace ranar aiki ana tsoma ta a ruwan gwaji da aka riga aka san lambarsa, 4 da 7 da 10, a daidaita ta, a rubuta cewa an yi. Awon ranar da ba a daidaita na'ura ba, awo ne mai shakka a kansa, kuma dole a nuna hakan a littafi.

Ana kuma tafiya da wasu kwalabe biyu na musamman. Ta farko tsarkakakken ruwan ɗakin gwaji ake zubawa a cikinta a bakin kogi, a rufe, a sa ta cikin sauran. In aka gwada aka sami datti a cikinta, to dattin daga kwalba ne ko hannu ko hanya, ba daga kogi ba. Ta biyu tagwaye ce: a ɗebi kwalba biyu a wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Sakamakonsu ya kamata ya yi kusa da juna. In suka yi hannun riga, akwai matsala a ɗiba ko a gwaji.

Samfurin ƙwayoyin cuta ba ya jira. A cikin kula mai ƙanƙara ake sa shi, a kai ɗakin gwaji cikin awa 6 in da hali, kada ya wuce awa 24. Ku rubuta lokacin da aka miƙa shi da wanda ya karɓa.

Lambar da ta fita daban

Nan ne aikin yake. Kun buɗe littafi kun ga pH 72. Wannan ba ya yiwuwa, domin ma'aunin daga 0 zuwa 14 yake. Mai yiwuwa 7.2 ne ɗigo ya faɗi. Amma "mai yiwuwa" ba hujja ba ce. Ku koma takardar da aka fara rubuta awon a kanta, ko ku tambayi wanda ya auna. In an tabbatar, ku ja layi ɗaya a kan 72 yadda za a iya karanta shi, ku rubuta 7.2 a gefe, ku sa hannu da kwanan wata. Ba a gogewa, ba a shafa farin fenti, ba a yage shafi.

Wata lambar kuma tana yiwuwa, sai dai ta ba da mamaki. A ce dagulewar ruwa, wadda ake aunawa da ma'aunin NTU, a wani wuri ta saba tsayawa wajen 30, yau ga 400. Zuciya za ta ce kuskure ne, a cire. Kada ku cire. Ku duba gurbin abin lura. In an rubuta "ruwan sama na farko, kogi ya yi ja", to lambar gaskiya ce. In babu bayani, ku duba na'ura, ku duba tagwayen kwalba, ku sa alamar tambaya, a koma a sake ɗiba da wuri. Sau da yawa irin wannan lamba ita ce kaɗai shaidar cewa an saki wani abu a kogi cikin dare, kuma domin kama irinta ake wannan wahala tun farko. Wanda ya share ta don littafi ya yi kyau ya cuci mutanen da ke ƙasan kogi.

Ku lura da ma'auni. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, wadda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ta ce dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya. Wannan daidai yake da maikurogiram 10. Miligiram ɗaya maikurogiram 1,000 ne, don haka lamba ba tare da ma'auninta ba tana iya mai da ruwa mai guba ya zama lafiyayye a takarda. Ƙa'idar ta kuma sa pH tsakanin 6.5 da 8.5, dagulewa kada ta wuce 5. Amma wannan na ruwan sha ne da aka tace. Ɗanyen ruwan kogi da damina zai wuce 5 nesa ba kusa ba, kuma wannan ba kuskuren awo ba ne.

Sifili kuma ba a rubuta shi sai an auna an sami sifili. In ba a auna ba, a rubuta "ba a auna ba". In ɗakin gwaji ya ce abin ya yi ƙanƙanta har na'urarsu ba ta gani, a kwafe yadda suka rubuta, da alamar "ƙasa da" da lambarta.

Idan za a shigar da bayanai a kwamfuta, mutum ɗaya ya shigar, wani daban ya karanta daga littafi da ƙarfi ana bi layi-layi. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a ajiye kwafi a wuri na biyu, shi kuma littafin a adana shi inda gara da yoyon ɗaki ba za su kai ba.

Aikin aji

Ga layi uku na misali daga wuri ɗaya. Litinin, ƙarfe 8 na safe, pH 7.4, dagulewa 28. Talata, babu lokaci, pH 7.3, dagulewa 0. Laraba, ƙarfe 8 na safe, pH 17.1, dagulewa 350, abin lura: an kwana ana ruwa. Ku zauna biyu-biyu, ku nuna wace lamba za ku karɓa, wace za ku sa wa alamar tambaya, da wanda za ku tambaya a kan kowace. Sannan kowa ya rubuta a littafinsa yadda zai gyara layin Laraba ba tare da gogewa ba.